Gidan kallon wajen Ƙofar Kaura da ya nuna Wimbledon: inda ya yi daidai da inda ya gaza

A Katsina in aka ce gidan kallo, ƙwallon ƙafa ake nufi. Daga Agusta zuwa Mayu firimiya ce da gasar zakarun Turai, in kaka ta ƙare kuma a rufe ƙofa ko a koma finafinai. Shi ya sa abin da wani gida da ke bayan titi a wajen Ƙofar Kaura ya yi a daminar 2025 ya isa a tsaya a duba shi. Ya ware talabijin guda ya nuna gasar tanis ta Wimbledon ta tashar SuperSport, tun daga Litinin 30 ga Yuni har Lahadi 13 ga Yuli, kwana 14 cur ba fashi.

Wurin rumfar kwano ce mai bangon bulo, faɗinta kamar mita 6, tsawonta kamar mita 10. Benci bakwai ne a jere, fanka huɗu, talabijin biyu: mai inci 55 a tsakiya da mai inci 43 a kusurwa, kowacce da dikodarta. Kuɗin shiga naira 300 na yini guda, ana buga wa mutum hatimi a hannu ya fita ya dawo yadda yake so. Ranakun wasan ƙarshe kuma naira 500. Wanda ya samu wuri a benci huɗun farko, a ranar da hadari bai haɗu ba, kwalliya ta biya masa kuɗin sabulu. Wanda ya zauna a baya, ko ya zo ranar ruwa, to sai haƙuri.

Abin da mai gidan ya fara ganewa, wanda gidaje da yawa ba za su gane ba, shi ne tanis ba ta da minti 90. Wasan ƙarshe na mata a 2025, wanda Iga Świątek ta doke Amanda Anisimova 6-0, 6-0, minti 57 ya ɗauka. Wasan buɗe fili tsakanin Carlos Alcaraz da Fabio Fognini kuwa ya haura awa huɗu da rabi. In da kuɗin wasa ɗaya ake karɓa kamar na ƙwallon ƙafa, da kullum sai an yi rigima a ƙofa. Kuɗin yini da hatimin hannu ne suka kashe wannan magana tun kafin ta taso, kuma su ne suka sa mutum ke fita salla hankalinsa kwance.

Lokacin ma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. A watannin bazararsu Ingila na tura agogo gaba da awa ɗaya, sai ya yi daidai da namu, don haka ba lissafin da za a yi: ƙarfe 11 na safe a Landan ƙarfe 11 ne a Katsina. A wannan lokacin ake fara wasa a ƙananan filaye, ƙarfe 1 a Fili na Ɗaya, ƙarfe 1:30 a Babban Fili. Al'ada ce zakaran maza na bara ya buɗe Babban Fili ranar Litinin, zakarar mata kuma ranar Talata. Ƙarfe 1:30 ɗin nan ya faɗa kan azahar, wasan kusa da na ƙarshe na maza kuma ranar Juma'a ake yin sa, ga shi ana fara na farkon ana shirin tafiya masallaci. Gidan na rufewa lokacin Juma'a, kuma daidai ne. Wanda ya dawo ya tarar an yi nisa a set na farko na Alcaraz da Taylor Fritz, amma ya samu wasan Jannik Sinner da Novak Djokovic daga farkonsa. Da dare kuwa ba a wuce ƙarfe 11. Wannan sharaɗi ne da ƙaramar hukumar Merton ta gindaya a 2009 lokacin da aka sa wa Babban Fili rufi da fitilu, saboda filin a tsakiyar unguwa yake, maƙwabta na son barci. A daren farko ma an dakatar da wasan Fritz da Giovanni Mpetshi Perricard kowa na da set biyu, aka ƙarasa washegari, wasu a benci suka ɗauka mai gidan ne ya sauya tasha. Abin da ke ba sabon ɗan kallo mamaki shi ne a idar da magariba a Katsina, duhu ya rufa, a dawo a tarar rana na nan tarwai a kan ciyawar Landan. A farkon Yuli sai bayan ƙarfe 9 take faɗuwa a can.

A bakin ƙofa akwai allo da ake rubuta wasannin yini da alli, a ƙasansa kuma an rubuta yadda ake lissafi. Wannan allo ya yi aiki fiye da fanka. Maki na tafiya 15, 30, 40, sannan gem. In aka yi 40-40 sai mutum ya ci biyu a jere. Gem shida da ratar biyu shi ne set. In aka yi 6-6 sai a buga raba-gardama zuwa maki 7. Maza na neman set uku cikin biyar, mata biyu cikin uku. 'Yan wasa 128 ke farawa a kowane ɓangare, zagaye bakwai ne zuwa kofi. Abu ɗaya allon ya manta, kuma shi ya fi rikita mutane: alƙali makin mai sabis, wato mai fara buga ƙwallo, yake fara faɗa. In ya ce 15-40, mai sabis ne a ƙasa, yana gab da rasa gem ɗinsa, wanda a kan ciyawa babbar asara ce, domin ƙwallo na zamewa ƙasa-ƙasa da sauri kuma karya sabis ɗin mutum abu ne mai wuya. A ƙara wannan layi guda.

Akwai kuma kuskure a allon da ya kwana uku kafin a gyara. An rubuta cewa a set na ƙarshe ba a raba gardama, sai wani ya ba da ratar gem biyu. Haka dokar take a da, kuma ita ta haifar da wasan John Isner da Nicolas Mahut a 2010 a Fili na 18, wanda ya ci awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, set na biyar ya ƙare 70-68. A 2019 aka sa raba-gardama in an kai 12-12, kuma a shekarar aka yi amfani da ita a wasan ƙarshe, Djokovic ya doke Roger Federer 13-12. Tun 2022 kuwa a 6-6 ake yin ta, zuwa maki 10. Mai gidan kallo ya fi kowa cin ribar wannan sauyi, don yanzu yana iya ƙiyasta man da zai saya.

Inda gidan ya fi burgewa shi ne sauti. Wimbledon gasa ce ta shiru. Mutum kusan 15,000 ke zaune a Babban Fili, amma in ɗan wasa ya ɗaga ƙwallo zai yi sabis sai wurin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su, ka ji ƙarar ƙwallo a kan raket da numfashin mai bugu. Wanda ya san wasan daga wannan ƙarar yake gane ko an daki ƙwallo a tsakiyar raket ko a gefe, ko an murza ta ko an yanka ta. A ƙwallon ƙafa mai sharhi da ihun 'yan kallo ne sauti, ko janareta na ruri ba abin da ya ragu. A nan kuwa in janareta na kusa, rabin wasan ya tafi. Mai gidan ya kai nasa bayan katanga, nisan kamar mita 12, ya ja waya mai kauri, ya kuma haɗa sifika biyu a tsakiyar rumfa maimakon dogaro da na jikin talabijin. Ya kuma ɗauko dokar filin kanta ya kafa: ba shiga ba fita sai lokacin sauya gefe. 'Yan wasa na sauya gefe bayan gem na farko, na uku, na biyar, haka dai; in ban da bayan gem na farko, suna zama daƙiƙa 90, a ƙarshen set kuma minti biyu. A Landan ma a wannan taƙin ne kawai masu gadin ƙofa ke barin 'yan kallo su wuce. Kwana biyun farko samari sun yi gunaguni, suna cewa wannan gidan kallo ne ko ajin jarrabawa. Zuwa mako na biyu su da kansu ke cewa mai waya ya fita waje. Garin da ya saba da filin folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko ba baƙo ba ne ga wasa mai ladabin kallo.

Akwai muryar da tsofaffin masu kallo suka nema suka rasa a wannan gasar. Shekara 147 mutane ne ke tsayawa a bayan layuka suna kiran ƙwallon da ta fita. A 2025 aka sallame su, kyamarori suka karɓi aikin, murya da aka naɗa ce ke kira. Da wannan aka daina ɗaga hannu a ƙalubalanci hukunci ana tafi ana jiran hoton inda ƙwallo ta sauka, wanda da ma shi ne ɓangaren da ɗan gidan kallo ya fi so, tunda musu ne. Na'urar ma ba ta tsira ba: ranar Lahadi 6 ga Yuli, a wasan Anastasia Pavlyuchenkova da Sonay Kartal, ƙwallo ta fita ƙiri-ƙiri ba a kira ba domin an kashe na'urar bisa kuskure, aka sake buga makin, masu gasar suka ba da haƙuri daga baya. Ranar benci ya samu abin musunsa har isha'i.

Hoto kuma a nan ne gizo ke saƙa. Ƙwallon tanis faɗinta bai kai santimita 7 ba, filin tsawonsa mita 23.77, faɗinsa mita 8.23 a wasan mutum ɗaya-ɗaya, kuma kyamara daga bayan fili take ɗauko shi duka. Mpetshi Perricard ya buga sabis mai gudun kilomita 246 a awa a wancan wasa da Fritz, wanda ba a taɓa buga irinsa a gasar ba. A talabijin mai inci 55, ido na bin ƙwallon har zuwa nisan mita huɗu, wato benci na huɗu. Daga na biyar sai dai ka bi motsin 'yan wasa ka yi hasashe. Benci na shida da na bakwai kuɗinsu ɗaya da na gaba, kuma wannan ba adalci ba ne. Ko a rage musu kuɗi, ko a ɗauko ƙaramar talabijin ɗin a rataye ta a tsakiyar rumfa a haɗa ta da dikoda ɗaya ta hanyar mai raba HDMI. Matsala ta biyu saitin hoto ne. An bar talabijin a kan saitin shago, mai ƙara haske da kala, sai fararen kayan 'yan wasa da farin layi suka riƙa ƙyalli suna haɗewa, ciyawa ta koma kore shar kamar fenti. A mayar da ita saitin da aka saba, a rage haske, a tabbatar dikoda na fitar da 1080 ba 576 ba. A kuma toshe tagar yamma da labule mai kauri, domin daga ƙarfe huɗu rana na dukan gilashin kai tsaye.

Kalar ƙwallon ma saboda mai kallon talabijin aka sauya ta. Fara ce a da. BBC ta fara nuna gasar da kala a 1967, aka ga farar ƙwallo na ɓacewa a ido, hukumar tanis ta duniya ta amince da ruwan ɗorawa a 1972, Wimbledon kuwa ta yi ta jan ƙafa har 1986. Kamfanin Slazenger ke kawo ƙwallayen tun 1902. Ana sauya su bayan gem bakwai na farko, sannan bayan kowane gem tara. Bakwai ne da farko saboda da su aka yi ɗumi kafin wasa. In ka ga mai sabis ya ɗaga ƙwallo ya nuna wa abokin karawarsa, gaya masa yake sababbi ne, za su fi gudu.

A mako na biyu wani saurayi a benci na biyu ya juya wajen wani dattijo da ba ya fashin zuwa, mai riƙe da carbi da ƙaramar rediyo, ya ce, “Baba, talabijin ɗin nan ta fara lalacewa fa. Dubi bayan layi, duk ya koma ja.” Dattijon ya ce, “A'a ɗana, talabijin lafiyarta ƙalau. Ƙafa ce ta cinye ciyawar. Ashe su ma hamada na kama su.” Gaskiyar dattijo ce. Ciyawar iri ɗaya ce zalla tun 2001, ana aske ta zuwa milimita 8 kowace rana, amma kwana 14 ana tirje-tirje a wuri ɗaya dole ƙasa ta fito. Inda ta fito ɗin ma labari ne. A hotunan shekarun 1980 hanyar da ke zuwa raga ce ke ƙwaƙulewa, saboda 'yan wasan lokacin sabis suke yi su ruga gaba. Yanzu bayan layin ƙarshe ne ke zama fako, gaban raga na nan kore har ranar kofi. Wimbledon kaɗai ta rage a kan ciyawa cikin manyan gasanni huɗu. Ta Faransa jar ƙasa ce, ta Amurka da ta Ostareliya daɓe ne.

Fararen kaya su ne tambayar da ta fi yawa a benci. An rubuta dokar a 1963 cewa kaya su kasance galibinsu fari, a 1995 aka tsaurara zuwa kusan fari fat. Ruwan madara ba ya shiga. Kalar da aka yarda da ita siririn layi ne a wuya ko hannun riga da bai wuce santimita ɗaya ba, kuma dokar ta haɗa da hula, safa da takalmi har tafinsa. A 2013 an sa Federer ya sauya takalmi saboda tafinsa ruwan lemo ne, alhali a lokacin yana da kofin gasar bakwai. Andre Agassi ya ƙaurace wa gasar daga 1988 zuwa 1990, ya dawo ya sa fari ya ci kofi a 1992. Sassaucin da aka yi shi ne na 2023, da aka bar mata su sa gajeren wando mai duhu a ciki. Ga ɗan kallo a Katsina illar dokar ɗaya ce: mutum biyu cikin kaya iri ɗaya, daga nesa, ba lamba a baya. Dabarar ita ce ka duba ɗan ɗigon da ke gefen suna a allon maki, shi ke nuna mai sabis, daga nan ka gane wane ne a sama wane ne a ƙasa.

Sai ruwa, wanda shi ne babban aibin gidan. Wimbledon da ruwan sama tare suka taso. Gasar farko ta 1877, a tsohon filin Worple Road, mutum 22 suka shiga, kuma wasan ƙarshenta ma ruwa ya ɗage shi zuwa 19 ga Yuli, ranar da Spencer Gore ya doke William Marshall a gaban 'yan kallo kusan 200 da kowa ya biya sule ɗaya. Sun koma Church Road a 1922, suka yi shekaru suna ja da tamfol, har suka sa rufi mai buɗewa a Babban Fili a 2009, a Fili na Ɗaya a 2019. Rufin na ɗaukar kamar minti 10 ya rufe, sannan a jira na'urorin iska su daidaita danshi don kada ciyawa ta yi santsi. Wato su sun magance nasu ruwan a manyan filaye. Namu ne ya rage. Yuli tsakiyar damina ce a Katsina, hadari kuma yawanci da yamma yake tasowa, daidai lokacin manyan wasanni. Sau uku cikin kwana 14 hoto ya daskare ya farfashe ya ɗauke, sau ɗaya har fiye da minti 40.

Ruwa mai ƙarfi kamar da bakin ƙwarya na raunana siginar tauraron ɗan'adam ko a gidan wa, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma a nan tun hadari na gabas, ko ɗigo bai sauka ba, hoto ke fara rawa, kuma wannan aikin kafi ne. Dish ɗin ƙarami ne, mai santimita 60, inda ya kamata a sa mai 90 domin ya tara sigina da rara. An ɗaure shi a kan katakon bakin kwano, iskar da ke gaban ruwa na kaɗa shi. Motsin da bai kai kaurin yatsa ba ya isa ya kawar da shi daga saiti. Murfin robar kan dish ɗin ya tsage, mahaɗin wayar kuma an naɗe shi da salatif ɗin takarda, ruwa na bi ta nan ya shiga cikin waya ya sa tsatsa. Gyaran bai fi aikin yini guda ba: a kafa ƙarfe a bangon bulo da kusoshi huɗu, a sauya kan dish, a yanke wayar a sa sabon mahaɗi a rufe shi da roba da tef mai hana ruwa, a lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Wajen saiti kuma mai gyara ya duba ma'aunin ingancin sigina, kada ya tsaya a na ƙarfinta. Ƙarfi na iya cika inganci na ƙasa, kuma inganci ne ke faɗuwa in hadari ya zo. A yi saitin da rana tsaka sama na garau, a ɗaure notuna sosai, a sake dubawa bayan an ɗaure, don ɗaurin kansa na karkatar da dish.

Ranar da aka yi minti 40 ɗin, mai gidan ya haɗa waya da talabijin aka ci gaba ta intanet. Dabara ce mai kyau, amma a shirya mata: hoto mai kyau na cin gigabait biyu zuwa uku a awa, kuma yana zuwa a makare da rabin minti ko fiye, sai ka ji mai duba sakamako a wayarsa ya yi ihu kafin a buga makin. Ga kuma kwano. In ruwa na dukansa ba silin, sifika goma ma ba ta isa ba.

Wuta ba ta ba da matsala sosai ba, in ban da sauyi. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, kafin yaro ya zagaya bayan katanga ya tada janareta, dikoda ta mutu ta sake tashi, an yi minti uku zuwa huɗu. A ƙwallon ƙafa wannan ba komai ba ne galibi. A tanis gem guda ne, wani lokaci raba-gardama sukutum. Ƙaramar inbata da batir ɗaya mai amfiya 200 ta isa. Irin wannan batir na ruwa, in ana son ya yi ƙarko, rabin cajinsa ake ci, kamar wat 1,200 na awa ɗaya. Talabijin biyu da dikoda biyu da sifika ba su wuce wat 300 ba, wato kusan awa huɗu. In aka ɗora fanka huɗu a kai ya koma awa biyu, don haka a bar fanka a layin janareta.

Abinci ba a wahalar da kai ba. A Landan al'adar ita ce sitiroberi da kirim, ƙwaya 10 a kwano, ana tsinko su da asuba daga gonakin Kent, fam 2.50 ne tun 2010 sai a 2025 ya koma 2.70. A nan dafaffiyar gyaɗa ce da zoɓo da kunun aya masu sanyi a bakin ƙofa, mai shayi kuma na kafa teburinsa bayan la'asar. Ba wanda ya yi kewar sitiroberi, ko da yake Jos na noma ta. Banɗaki ɗaya ne, akwai buta da ruwa, tabarmar salla a rumfar gefe. Wurin ajiye babura ba mai gadi bayan ƙarfe tara, a zo da kwaɗo. Mata ba sa shiga, kamar sauran gidajen kallo.

Abin da gidan bai yi amfani da shi ba, kuma da ya jawo masa mutane, shi ne ɗan abin da ya haɗa mu da gasar. Kusan ba wanda ya san cewa ɗan Nijeriya, Nduka Odizor, ya doke Guillermo Vilas a zagayen farko a 1983 ya kai har zagaye na huɗu. Althea Gibson ce baƙar fata ta farko da ta ci kofin, a 1957, Arthur Ashe ya ci na maza a 1975, Serena Williams ta ci bakwai, yayarta Venus biyar. Ons Jabeur 'yar Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a 2022 da 2023 ba ta dace ba. A 2025 ma rashin lafiya ya fitar da ita tun wasan farko. Allon ƙofa na da wurin da zai ɗauki layi biyu irin waɗannan kowace rana. Gasar da aka fara a 1877, ba a taɓa fasa ta ba sai a yaƙin duniya biyu da annobar 2020, ba ta rasa abin rubutawa.

Ranar ƙarshe ce ta nuna iyakar gidan. A 2025 aka mayar da wasannin ƙarshe ƙarfe 4 na yamma maimakon ƙarfe 2, sai na maza ya fara ana la'asar. Rumfa ta cika har ƙofa. Alcaraz, mai riƙe da kofin 2023 da 2024, ya ci set na farko 6-4, Sinner ya ci uku a jere 6-4, 6-4, 6-4, ya zama ɗan Italiya na farko da ya ɗauki kofin. An gama ana fitowa daga magariba. To a daren ne kuma ake wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ta duniya tsakanin Chelsea da PSG da ƙarfe 8, kuma 'yan ƙwallon ƙafa sun fara cika ƙofa tun bakwai da rabi. Ana shimfiɗa tebur a kan ciyawa, yara masu tsintar ƙwallo sun yi sahu biyu, Gimbiyar Wales ta fito za ta miƙa kofin nan mai ruwan zinare da abarba a kansa, sai aka mayar da babbar talabijin tashar ƙwallon ƙafa, inda ba abin da ake yi sai surutun kafin wasa. Masu tanis aka tura su kusurwa gaban mai inci 43, ba sauti. Wanda ya biya naira 500 ya ga Sinner na magana bai ji me ya ce ba. Mai gida na da hujjarsa, ƙwallon ƙafa ce ke ciyar da shi wata goma a shekara. Amma minti 20 kawai ake nema, kuma da an rubuta a allo tun safe cewa za a yi haka, da ba wanda ya ji an yi masa ba daidai ba.

Wannan karo zai fi tsanani a 2026. Wimbledon za ta gudana daga 29 ga Yuni zuwa 12 ga Yuli, gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa kuma daga 11 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli, wato kwana 14 ɗin duka a cikinta suke. Wasannin kofin duniya da ake bugawa a Amurka da yamma da dare za su riƙa zuwa mana, daidai lokacin wasa na biyu da na uku a Babban Fili. Kafin ka miƙa hannu a buga maka hatimi, tambayi mai ƙofa wace talabijin ce ta tanis yau, har ƙarfe nawa, kuma wacce aka haɗa wa sifika. Ka kuma ɗaga kai ka dubi dish ɗin, ko yana nan a bakin kwano.